Kifi Goma Sha Biyu a Garwar Madara

Olomouc, 9 ga Afrilu, 2011

Zuwa ga Baffa Hynek Kalenda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kuma sanyin bana bai shiga muku ƙashi ba. Ƙila ba za ku tuna ni ba. Ni ce Vendula, 'yar Lubor ɗan kawunku. Sau ɗaya na gan ku da wayona, ranar jana'izar Kaka. Kun tsaya can bayan maƙabarta, kuka tafi kafin a zauna cin abinci.

Mu dai muna nan, sai Baba ne ba lafiya. Tun watan Nuwamba ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana sai da ƙyar, na ɗauko shi ya dawo wurina. Wuni yake a kan keken guragu yana kallon bango. Likita ta ce a nemo masa abu mai motsi da zai riƙa kallo. Shi ne na sa aka haƙa ɗan kududdufi a lambu, taku uku a taku biyu, zurfinsa ya kai ƙuguna, tunda rayuwarsa duk a bakin ruwa ya yi ta.

Na je shago zan sayi kifin zinare, sai kaina ya ɗaure. Akwai mai wutsiya kamar mayafin amarya, akwai mai idanu waje, akwai mai kumburarren kai da suke kira kan zaki, akwai mai dabbare-dabbare. Na tambayi Baba, ya kawar da fuska. Sai na tuna Kaka tana cewa duk ƙasar tafkuna babu wanda ya san jan kifi irin wannan kamar Hynek. Na san akwai 'yar tsama tsakaninku da Baba, ban san ta mece ce ba, amma shekaru sun ja. Don Allah wanne zan saya?

Taku,
Vendula

Olšovka, 2 ga Mayu, 2011

'Yar Lubor,

Na gaishe ki. Takardarki ta same ni da rai. Gwiwoyi sun ƙi, haƙora saura huɗu, kunnen hagu ya yi murabus, amma kai yana nan daram, kuma shi ne wasu za su so ya lalace. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi yaƙi ya rufe makarantar, ubana ya miƙo mini taru.

Bari in fara da kifin. Mai mayafin amarya ba ya iya gudu, kyanwar maƙwabta za ta gode miki. Mai idanu waje makaho ne, zai soke idon a kan dutse kafin Yuli. Kan zaki kifin ɗaki ne, ƙanƙarar farko za ta juya shi ciki sama. Waɗannan duka an yi su ne don gilashi, da mutanen da takalminsu bai taɓa jiƙa ba. Kududdufi irin naki yana son kifi mai jikin kifi, siriri, wutsiya ɗaya, wanda zai kwanta wata uku ƙarƙashin ƙanƙara ya tashi yana neman abinci. Mai dabbare-dabbaren ba laifi. Amma akwai wanda ya fi shi, yana bayan gidana cikin ganguna. Kakana ne ya samo guda uku a 1919 daga hannun mai lambun gidan sarauta, kuma tun daga ranar irin bai yanke ba.

Kin ce 'yar tsama. Wa ya gaya miki 'ya ce?

A gidan da ke kan madatsar tafkin Kačák aka haife ni, ni na gaji ubana a kula da tafkin. Ki tambaye ni kaurin ƙanƙarar kowace shekara tun 1945, in gaya miki. Ubanki mataimakina ne. Ni na roƙa aka ɗauke shi, don uwata ta yi mini kuka ta ce ɗan ƙaninta ne. A Oktoban 1982 muka saki ruwa ranar su, wato kamun kifin shekara, muka ja taru. Maimakon 'ya'yan kapr, kifin kiwonmu, da muka shekara muna ciyarwa, sai ga wani kifin banza da muke kira karas, toka-toka, taru bayan taru, sun cinye abincin sun bar kapr kamar ƙusoshi. Na san ta inda suka shigo. Ambaliyar Maris ta haye madatsar ƙasa kwana biyu, ta kwaso su daga kogi. Na faɗa tun a Maris ɗin, ba wanda ya rubuta, don gyaran madatsar aikin manya ne kuma ba su yi ba.

Aka kira taro a zauren 'yan kwana-kwana, manya tara a teburi suna neman wuyan da za su rataya wa abin. Ubanki ya shigo da bokiti. Ya ɗaga kifi ɗaya ta wutsiya ya ce wannan ba karas na kogi ba ne, jikan jan kifin Hynek ne da ya koma toka, kuma ya gan ni da idonsa ina wanke gangunana a magudanar da ke shiga tafki. Shugaban taro ya tambaye shi ta yaya ya bambanta. Ki sani, ɗan jan kifi baƙi ake ƙyanƙyashe shi. Irin nawa sai ya ga hunturu ɗaya yake yin launi, kafin nan shi da ɗan karas kamar an tsaga kara. Ni da na girma a cikinsu ba zan rantse ba. Ubanki ya ce: "Ko na rufe ido ɗaya ina gane su." Aka yi dariya, aka rubuta.

Sati uku aka ba mu mu kwashe. Ludmila matata ta bar itatuwan tuffa tara da ta dasa da hannunta. Tuffar da kika ci kina yarinya tata ce. Kuka shiga gidan murhu bai gama hucewa ba. Ni na ƙare a wurin gasa bulo, mutumin ruwa a bakin wuta shekara goma sha ɗaya, ana kirana Mai Karas har a ƙofar coci. Ubanki daga gidan ya haye ofis, daga ofis ya haye birni. Ludmila ta mutu da sunan nan a kanmu.

To ga abin da za a yi. Ki bar kududdufin ya kwanta, sabon ruwa ba ya riƙe kifi. A Agusta Cyril direban motar kifi zai bi ta garinku, zai kawo miki garwar madara da 'ya'yan bana goma sha biyu, tsawon yatsa, duka baƙaƙe. Ba zan gaya miki mene ne a ciki ba. Ki ajiye gaban ubanki ya ware, jan kifi dama, karas hagu. Na dama ki zuba a kududdufi. Na hagu ki riƙe su da rai a wani mazubi har Agustan baɗi, mu ga launin da kowa zai fito da shi. Ya kula da kyau, macen karas ɗaya ta shiga miki, da kowane kifi take haihuwa, shekara biyu ruwanki ya zama kunu.

Da ido ɗaya ya ce. Ban ji kin ce idon ya shanye ba.

Hynek Kalenda

Olomouc, 21 ga Agusta, 2011

Baffa,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Baba ya fara riƙe cokali da hagu.

Ban amsa takardarku ta Mayu ba don ban san yadda ake amsa wa mai yi wa marar lafiya ba'a ba. Na ɓoye ta, na yi niyyar in garwar ta zo in mayar wa direba tun daga bakin ƙofa. Amma Cyril ɗinku bai jira ba. Ya shigo har lambu da hula a hannu, ya dire garwar gaban Baba, ya ce wai Hynek ya ce a gaida mai gani da ido ɗaya, ga aiki an kawo masa.

Tun ciwon nan ban ga Baba haka ba. Ya buga hannun kujera, ya nuna teburi. Na kawo kwanoni biyu. Ya riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya da hagu, yana juya su a rana, ya dubi baya, ya dubi ƙasan ciki, har gumi ya jiƙa masa riga. Biyar dama, bakwai hagu. Cyril ya tambaye shi ko zai sake duba na ƙarshen, tunda ba sauri ake ba. Baba ya haɗa kalma huɗu, mafi tsawon zancensa a wata tara: "Gaya masa na gane." Sannan ya nuna kwanon hagu, ya nuna gindin tumatir.

Biyar ɗin suna kududdufi. Bakwai ɗin na kawar da su. Ba zan kafa wa ubana kotu a lambu shekara guda ba, ni abin kallo na roƙa. Ban san abin da ya faru a 1982 ba, shekarata huɗu. Abin da na sani ubana ne, kuma ni ke juya shi a gado. Na gode da kifin. Kada ku sake aiko mana da saƙo.

Vendula

Olšovka, 30 ga Agusta, 2011

'Yar Lubor,

Kin ce kada in aiko, ga shi na aiko. Lafiyata ba ta dame ki ba, amma kwana uku abinci bai wuce mini ba, in kina son sani.

Cyril ya gaya mini zancen gindin tumatir. Kin san abin da kika binne? Duka goma sha biyun uwarsu ɗaya. Ni na tsamo ta da hannuna ranar ashirin ga Mayu, na sa ta a ganga ita da namiji ɗaya, na rufe da raga. Babu karas ko ɗaya a garwar nan. Karas bai taɓa kwana a gidana ba, ba a 82 ba, ba yanzu ba. Ubanki ya dubi 'yan'uwa goma sha biyu ya yanke wa bakwai hukunci, da gumi da juyawa a rana, kamar yadda ya yi mini.

Abu ɗaya na roƙe ki, ki riƙe su da rai. Yanzu biyar ɗin za su yi ja baɗi, ya zauna a kekensa ya ce ga shi nan, ya gane. Bakwai da za su tsaya mini shaida suna ƙarƙashin ƙasa. Da hannuna na cika garwa na aika masa da hujja. Cyril kuwa bakinsa ba ya rufuwa, labari ya riga ya kai gidan giya. Jiya Bohuš, wanda ya riƙe biro a taron nan, ya ɗaga kofi ya tambaye ni gaban mutane ko yanzu har birni nake kai karas. Na ce masa duka jajaye ne. Ya ce ai haka na faɗa wancan karon ma.

Shekara ashirin da tara ina jiran garwar nan. Ban yafe masa ba, ke ma na sa ki a layi. Idan tumatirin ya nuna, ki ba shi ya ci.

H. K.

Olšovka, 14 ga Nuwamba, 2011

'Yar Lubor,

Ina nan ban mutu ba. Ba don ku na rubuto ba, don biyar ɗin ne, jinin gidana ne.

Gwiwata ta gaya mini ƙanƙara ba za ta wuce kwana goma ba. Daga yau ki daina ba su abinci ko sun yi miki roƙo. Ki yanko karan bakin ruwa dami ɗaya ki tsayar a kududdufin, rabi a waje, ta nan ruwan zai yi numfashi. Kada ki fasa ƙanƙara da gatari, ƙarar tana kashe su a kwance. Tukunyar ruwan zafi za ki ɗora ta huda miki. In ubanki ya ce ba haka ba ne, ki yi haka.

An yi sun Kačák sati uku da suka wuce. Ban je ba. Ko shekarar da ta biyo korata na je na tsaya a kan madatsa ana nuna ni da haɓa. Bana ne farkon fashi tun ina goye.

H. K.

Olomouc, 12 ga Agusta, 2012

Baffa Hynek,

Ina gaishe ku da girmamawa, da fatan zafin nan ya sassauta muku gwiwoyi. Baba ya rame, amma yana nan. Takardunku biyu na karanta su ya fi sau goma. Na yi damin karan, biyar ɗin duka sun ga bayan sanyi.

Ban binne bakwai ɗin ba. Na ɗauki kwanon har gindin tumatir, na kasa. Akwai tsohon bahon wanka bayan rumfar itace, inda keken Baba ba ya kaiwa, can na zuba su. Da sanyi ya zo na sauko da su ɗakin ƙasa a bokitai. Na ga yadda kuka ɗauki maganata, na bar ku a kai, don ina jin haushinku, kuma don ina tsoron abin da zan gani. Wannan laifina ne, ba na Baba ba.

Na kududdufi sun yi ja a watan Yuni. Baba ya sa na kira maƙwabta su gani. Na baho suna nan baƙi ƙirin, har na fara rubuta muku wata takarda da na gode Allah ban aika ba. Sai na lura bahon a inuwa yake, ruwansa sanyi kamar na rijiya. Na rage ruwan na janyo shi rana. Sati biyu, cikin ɗayansu ya yi rawaya. Yanzu shida sun yi ja kamar garwashi, baƙin ya rage a bakin wutsiya kawai. Ɗaya ya ƙi.

Ranar Lahadi na shimfiɗa katakai a kan ciyawa, na tura Baba har bayan rumfa. Na ce, "Baba, ka san waɗannan?" Ya ƙirga su da yatsa sau biyu. Na fito da takardarku ta Mayu na karanta masa tun daga gaisuwa har wurin tuffa. Na tambaye shi ko da gaske ya gan ku kuna wanke ganga a magudana. Kwana biyu bai yarda an kai shi bakin kududdufi ba, ya koma wa bangonsa. Ranar Laraba ya nemi biro. Awa ɗaya da rabi ya yi a kan takardar da na saka muku a ciki, ban taya shi ko harafi ɗaya ba.

Ban san abin da za ku yi da ita ba. Ba ni da bakin roƙo.

Taku,
Vendula

Hynek,
Ban iya bambanta su ba.
Ban taɓa iyawa ba.
Ban gan ka a magudana ba.
Gidan nake so.
Lubor

Olšovka, 28 ga Oktoba, 2012

Vendula 'yata,

Na gaishe ki da kyau, ina fatan bayanki bai gaji da ɗaga mutum ba. Ni haƙora saura uku, amma ina cin abinci kamar mai jan taru. Na san wata biyu kina leƙa akwatin wasiƙa. Ranar su nake jira, kuma jiya aka yi.

Da safe na fara biyawa kabarin Ludmila. Na share mata ganye, na karanta mata layi huɗun a hankali, don ita ma karatunta kamar nawa ne. Daga nan Cyril ya kai ni madatsa.

Kačák ya cika. Yanzu su ya zama biki, da makaɗa, da masu suyar kifi, da mutanen birni masu fararen takalma. Cikin manya tara da suka zauna a teburin nan, Bohuš kaɗai ya rage a sama da ƙasa. Na same shi a layin giya mai zafi. Na kamo hannun rigarsa har wurin mai lasifika, na ce wa mutumin ya ara mana na ɗan lokaci. Bohuš ya duba takardar, ya ga sunan da ke ƙasa, sai ya tuna bai zo da tabarau ba. Cyril ya cire nasa ya ɗora masa a hanci, ya ce na direba ne, har ƙusa a titi suna gani.

"Hynek," in ji Bohuš, "wa ya damu da karas na shekara talatin?"

Na ce, "Ni. Kai ka rubuta ta farko, kai za ka karanta ta biyu."

Ya karanta. Muryarsa ta bi lasifika ta haye ruwa har ɗaya gaɓar. A layi na huɗu ya yi ƙasa da murya, na ce kunnena na hagu bai ji ba, ya maimaita. Rabin mutanen ba su san wane ne Lubor ba. Wata mata ta tambayi mijinta ko wasan kwaikwayo ne. Amma masu taru sun tsaya cak cikin laka, don iyayensu sun ba su labarin Mai Karas. Shugabansu ya fito, ya cire hula, ya miƙo mini komar ɗibar kifi ya ce Malam Kalenda ya ɗebo mana kapr na farko. Na ɗebo. Gwiwa ta kusa kifa ni, amma na ɗebo. Bohuš ya ce zai saya mini kofi ɗaya, na ce ya sha da biron nasa.

Kada ki ce wa ubanki na yafe. Ban yafe ba. Layi huɗu ba sa tayar da Ludmila, kuma cikin tuffa tara an sare bakwai. Abin da ya ƙi rubutawa da dama shekara talatin ya rubuta da hagu, na karɓa, iyakarta ke nan. Ke dai na cire ki daga layi. Wadda ta sauka ɗakin ƙasa da bokitai tana jin haushina, ta fi mini da yawa da suka yi mini murmushi.

Cyril zai zo ranar Alhamis da garwar. Bakwai ɗin nawa ne. Ubanki ya yanke musu hukunci, a maido mini su gida. Wanda ya ƙi yin ja kada ki raina shi, ni ya biyo, zai yi ranar da ya ga dama. A cikin garwar za ki ga tuffa, ta kan shinge na tsinko daga itace ɗaya cikin biyun da suka rage. Ke ki ci. Shi ya riga ya ci rabonsa.

Biyar ɗin ki bar masa. Kowace safiya ki tura shi bakin ruwa, ki juya keken ya fuskance su sosai. Likita ta ce ya riƙa kallon abu mai motsi. To ya kalla.

Kin tambaye ni tun bara wanne za ki saya. Kada ki sayi komai. Baɗi za su yi ƙwai, za ki wayi gari ruwanki cike da 'ya'ya baƙaƙe. Ki bar su duka har su ga hunturu. Kada ki bar shi ya ware.

Baffanki,
Hynek Kalenda, na tafkin Kačák